Daga kachallar Marma zuwa dajin Amurum: yadda na nemi digiri na biyu a ilimin muhalli

Ina koyar da bayoloji a wata sakandare mai zaman kanta, bayan na gama bautar ƙasa, lokacin da na yanke shawarar komawa karatu. Digirina na farko a kimiyyar halittu ne, na fito da daraja ta biyu ta sama, wadda ake ce wa 2:1. Abokan karatuna da suka ci gaba yawancinsu fannin ƙwayoyin cuta suka nufa, ko kiwon lafiyar al'umma, domin can ake hango aiki. Ni kuwa ilimin muhalli nake so, wato nazarin zaman halittu da junansu da kuma ƙasa da ruwan da suke rayuwa a kai. Dalilina ba mai nisa ba ne. Ni ɗan yankin fadamar Haɗejiya da Nguru ne, kuma duk wanda ya tashi a can ya san kachalla.

Doguwar ciyawa ce, ta fi mutum tsayi nesa ba kusa ba, kuma ba abin da take so kamar ruwan da ba ya ƙafewa. Dattawanmu suna ba da labarin zamanin da ruwa ke zuwa da ƙarfi a ƙarshen damina, ya malale fadama, sannan ya janye ya bar wa manoma da makiyaya ƙasa mai albarka. Da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, sai lissafin ya rikice. Ambaliyar shekara ta ragu, amma ana sako ruwa har da rani, wasu magudanai suka daina bushewa gaba ɗaya. Kachalla ta samu yadda take so. Ta toshe hanyoyin ruwa, laka ta taru, ruwa ya karkata ta mashigar Marma zuwa tafkin Nguru yana cin gonaki, wasu garuruwan kuma suna jiransa bai zo ba. Jan baki ya samu makwanci a cikinta, da safe ya tashi ya sauka kan shinkafar mutane. Wannan wurin ne kuma, tafkin Nguru da mashigar Marma, aka sanya cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar a 2000, saboda tsuntsayen ruwa, har da waɗanda ke ƙetaro Sahara daga Turai su yi hunturu a wurinmu.

Da wannan labarin na tafi wurin malamin da ya duba aikin bincikena na ajin ƙarshe. Na zayyana masa komai, yana saurare yana juya biro. Da na gama sai ya ce, “To, me kake so ka sani?”

Na ce, “Kachalla, ranka ya daɗe.”

Ya ce, “Kachalla ciyawa ce, ba tambaya ba ce. Je ka kawo mini abin da za a iya ƙirgawa ko a auna, da kuɗin da talaka zai iya samu, cikin rani ɗaya.”

Wannan aikin gida shi ya ci mini lokaci fiye da duk fom ɗin da na cika daga baya, kuma shi ya ɗauki nauyinsu duka. Na shiga Google Scholar ina tono abin da aka rubuta kan fadamar. Wasu takardun a buɗe suke, wasu sai an biya dala. Waɗannan na biyun nakan aika wa marubucin wasiƙa ta imel in roƙi kwafi, kuma abin mamaki yawancinsu sun turo, wasu har da ƙarin wata takardar da ban nema ba. A hankali na gane cewa an yi rubutu da yawa kan ɓarnar kachalla ga noma da su, sai hankalina ya koma kan tsuntsaye: shin yawan nau'o'in tsuntsayen ruwa yana raguwa ne inda kachalla ta rufe ruwa, kuma waɗanne ne ke gudu, waɗanne ke cin riba? Kirinjijiya da dinya da zalɓe ba buƙatarsu ɗaya ba. Mai cin abinci a bakin laka ba zai ji daɗin ciyawar da ta cinye bakin lakar ba, mai ɓuya a duhu kuwa gaba ta kai shi.

Malamin ne kuma ya haɗa ni da shirin taswirar tsuntsayen Najeriya, wanda cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke ƙarƙashin Jami'ar Jos ta fara a 2015. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 tsawo da faɗi. Ɗan sa-kai zai shiga gida guda ya yi aƙalla awa biyu yana zagayawa, ya rubuta duk nau'in da ya gani ko ya ji kukansa, ya tura ta manhajar BirdLasser. Ba a biyan ko sisi. Na ari madubin hangen nesa, na bi ayarin 'yan sa-kai na Arewa ina koyo a wurinsu, in an yi hutun makaranta kuma in tafi gida in yi gidajen taswirar da ke kusa da mu. A lokacin sha'awa ce kawai ke ja na. Sai da na zauna rubuta tarihin karatuna da ayyukana na ga cewa wannan ne layin da ba kowa ke da shi ba. Masu 2:1 suna da yawa, amma wanda zai ce ga bayanan da ya tara da hannunsa, kuma ga inda za a je a duba, ƙalilan ne.

Hanya uku ce a gabana. Ta farko ita ce wadda kowa ya sani: ka sayi fom ɗin makarantar gaba da digiri a wata jami'ar gida, ka biya ta Remita, ka haɗa sakamakon sakandare mai kiredit biyar har da Turanci da lissafi, da shaidar digiri, da ta bautar ƙasa, da sunayen masu tsaya maka, ka jira sunaye su fito. Samun gurbin ba shi ne damuwata ba. Damuwata ita ce binciken muhalli a daji ake yin sa, kuma daji kuɗi yake ci: mota, kwalekwale, mai, abinci, ladan mai rakiya. Albashin malamin makarantar kuɗi ba zai ɗauki wannan ba. Ga kuma yajin aikin malaman jami'a na 2022 da ya kai wata takwas, wanda har lokacin bai bar zukatanmu ba. Na ajiye wannan hanya a matsayin ta ƙarshe.

Ta biyu ita ce ƙasar waje, kuma a nan na koyi abin da ya bambanta wannan fanni da wasu. A yawancin jami'o'in Amurka da Kanada, digiri na biyu na bincike a ilimin muhalli yana ratayawa ne a wuyan malami guda. Sai wani farfesa ya yarda zai ɗauke ka cikin ɗalibansa, kuma yana da kuɗin bincike ko sashensu zai ba ka aikin taimaka wa koyarwa, sannan fom ɗinka ke da daraja. Abin kamar neman aure ne: sai ka daidaita da yarinya kafin manya su shiga maganar. Wanda ya biya kuɗin fom ba tare da ya yi magana da kowa ba, sau da yawa sadaka ya yi wa jami'ar.

Don haka na zauna rubuta wasiƙu. Wasiƙar ba ta son tsawo, ba ta kuma son irin yabon da muka saba buɗe takarda da shi. Sakin layi na farko: ni wane ne, me na karanta. Na biyu: na karanta takardarka kaza, ga abin da ya ja hankalina a cikinta, ga yadda ya shafi tambayar da nake da ita kan fadamarmu. Na uku: kana ɗaukar ɗalibi a shekara mai zuwa, kuma akwai tallafi? Sai in liƙa tarihin karatuna mai shafi biyu. Kowace wasiƙa sai na karanta aikin mutumin kafin in rubuta ta, domin malaman nan suna gane wasiƙar da aka kwafa aka raba wa mutum hamsin tun daga layin farko. Na fara turawa tun watan Agusta, tunda yawancin sassan suna rufe karɓar takardu ne a Disamba ko Janairu.

Mafi yawa shiru suka yi, kuma ban ga laifinsu ba. Wasu suka amsa da layi ɗaya cewa babu gurbi. Wata farfesa da ke aiki kan dausayi, inda su ma dangin kachalla ke damunsu a bakin manyan tafkunan ƙasarsu, ta amsa da doguwar wasiƙa. Ta ce ba ta da kuɗin ɗaukar ɗalibi a wannan shekarar, amma ta tambaye ni ta yaya zan auna yawan kachallar, da ido ko da me? Ta ce in duba hotunan tauraron ɗan'adam na Sentinel-2, waɗanda kyauta ne, suna nan tun 2015, kuma kowane ɗigo a cikinsu mita 10 ne a ƙasa. In kuma ina son komawa baya sosai, ga hotunan tauraron Landsat da ya fara ɗauka tun 1972, kafin ma a gama Tiga. Na sauke manhajar haɗa taswira ta QGIS, ita ma kyauta, na yi ta fama da ita da daddare ina kallon bidiyon koyarwa har na fitar da taswirar farko mai ɗan kama da gaskiya. Gurbi dai ban samu a wurinta ba, amma takardar ƙudurin bincikena ta tashi daga shafin buri ta koma shafin aiki.

Sai maganar kuɗi. Ƙarshen 2023 ne, bayan an saki naira a watan Yuni ta nemi farashinta a kasuwa, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 700, ba ta kuma tsaya nan ba. Kuɗin fom na dala saba'in ko ɗari ya zama abin da sai an yi shawara da iyali. Jarrabawar Turanci ta IELTS ita kaɗai ta fi albashina na wata. Katin banki na naira kuma ba ya biya a waje a lokacin, sai ka nemi mai katin dala ka ba shi naira. Wasu jami'o'in suna yafe kuɗin fom in ka roƙa, wasu suna karɓar wasiƙa daga jami'arka cewa da Turanci aka koyar da kai, kuma sassa da yawa na ilimin halittu sun daina neman GRE, jarrabawar shiga karatun gaba da digiri. Duk wannan sai ka tambaya, ba wanda zai zo ya faɗa maka. Na tura takarduna ga shirin Tropimundo na tallafin Erasmus Mundus na Tarayyar Turai, wanda ke koyar da halittu da muhallin ƙasashe masu zafi, ana yawo da ɗalibai daga jami'a zuwa jami'a, cibiyarsa a Brussels, har da Jami'ar Dschang ta Kamaru cikin abokan haɗin gwiwa. Shi ba ya buƙatar ka fara samun malami. Duniya ce dai gaba ɗaya ke rububin 'yan kujeru kaɗan, kuma ban samu ba.

Takardar da ta fi ba ni wahala ita ce cikakken sakamakon digiri, tiranskirif. Ba a ba ka ita a hannu, daga jami'a zuwa jami'a ake aikawa. Na biya kuɗi, na karɓi rasit, aka ce in saurara. Da na ji shiru ya yi yawa na je da kaina, na tarar fayil ɗin bai ma bar sashenmu ba, saboda sakamakon wani kwas na aji biyu bai yi daidai da na babban ofis ba, kuma mai sa hannun ya yi tafiya. Da ƙafata na riƙa bin fayil ɗin daga tebur zuwa tebur. Duk mai niyyar wannan tafiya, ranar da ya yi niyyar, ranar ya kamata ya nemi wannan takarda, tun bai san inda za a kai ta ba.

Masu tsaya mini kuwa, na zaɓi waɗanda suka san aikina, ba masu manyan muƙamai ba: malamin nan nawa, da wata malama da ta koyar da mu ƙididdiga, da jagoran ayarinmu na taswirar tsuntsaye. Kowannensu na tura masa tarihina da ƙudurin binciken da ranar rufewa, na kuma riƙa tuni cikin ladabi. Wasiƙar shugaban tsangaya da bai taɓa ganin fuskarka ba, wadda ke cewa kai yaron kirki ne mai biyayya, ba ta gaya wa masu tantancewa komai.

Hanya ta uku ita ce APLORI ɗin kanta. Tun farkon shekarun 2000 aka kafa ta da taimakon wani ɗan kasuwa mai kishin kare halittu, A. P. Leventis, tana zaune a dajin Amurum kusa da ƙauyen Laminga, kimanin kilomita 15 daga Jos, kuma tana ba da digiri na biyu a fannin kare halittu da sunan Jami'ar Jos. Ɗalibai kaɗan take ɗauka a shekara, daga Najeriya da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma, da tallafin karatu, kuma malamai daga jami'o'in Turai sukan zo su koyar. Da sanarwa ta fito na tura takarduna da wasiƙar bayyana dalili. A wasiƙar ban ce ina ƙaunar halittun Allah tun ina yaro ba, ko da yake gaskiya ne, don na san kowa haka zai ce. Na rubuta kachalla, da Tiga, da tambayata, da gidajen taswirar da na yi, da abin da ban iya ba nake so a koya mini, musamman ƙididdiga da manhajar R da ake yin ta da ita.

Kafin amsa ta zo sai da na sha tambaya a gida. Baba ya ce, “To, in ka gama ƙirga tsuntsayen, wa zai biya ka?” Tambaya ce mai kyau, ban kuma yi masa kwana-kwana ba. Na ce akwai koyarwa a jami'a, akwai hukumar gandun daji ta ƙasa, akwai ƙungiyoyi irin su NCF, gidauniyar kare halittu ta Najeriya, akwai kamfanonin da ke auna illar manyan ayyuka ga muhalli, wanda doka ta wajabta tun 1992, ga kuma ACReSAL, shirin Bankin Duniya na farfaɗo da ƙasa mai fama da bushewa, da ke aiki a jihohin Arewa 19 da Abuja. Na kuma ce masa babu ɗaya daga cikinsu da ke jirana da kujera. Ya yi shiru, sannan ya ce in dai zan gano abin da zai sa kachalla ta bar masa gonarsa, Allah ya ba da sa'a. Ban yi masa wannan alkawarin ba.

Aka gayyace ni tantancewa. Na sauka Jos da 'yar rigata ta shadda, sanyi ya karɓe ni hannu bibbiyu. Amurum ƙaramin daji ne, kimanin hekta 300, amma kala uku ne a haɗe: duwatsu, da sarari mai gajerun itatuwa, da kurmi a bakin rafi. Wani ɗalibi da ya zagaya da mu ya nuna mana wani ɗan jan tsuntsu na cikin duwatsu, dangin baiwar Allah da ke shiga gidajenmu, ya ce sai a 1998 masana suka bayyana shi a matsayin nau'i na daban. Yadda aka gano shi ma abin sha'awa ne. Akwai wani baƙin tsuntsu a tsaunukan Jos da ba ya yin sheƙa, a sheƙar wani yake saka ƙwai, ɗansa kuma ya tashi yana kwaikwayon kukan wanda ya raine shi. Masu bincike suka ji yana kwaikwayon kukan da ba su sani ba, suka bi sawu har suka samo mai kukan.

A gaban masu intabiyu ba wanda ya tambaye ni ma'anar wata kalma ta littafi. Ƙudurina suka ɗauka suka riƙa ja ta kowane gefe. Ɗaya ya ce, “A ce ka ƙirga, ka samu tsuntsaye sun fi kaɗan a cikin kachalla. Ta yaya ka san babu su ne, ba ganin su ne ba ka yi ba?” Nan ne zuciyar aikin take. A buɗaɗɗen ruwa kana hango agwagwa daga nesa, a cikin kachalla kuwa tsuntsu na iya zama kamu biyar daga gare ka ba ka sani ba. Na ce zan rubuta nisan kowane tsuntsu daga inda nake tsaye, domin a iya lissafa yadda gani ke raguwa da nisa a kowane irin wuri, zan kuma haɗa da kuka ba ido kaɗai ba. Ya ce to, waɗanda ba sa kuka da rani fa? Na ce wannan ban san yadda zan yi da su ba. Ya gyaɗa kai ya rubuta wani abu.

Wata ta ce in na tsaya wuri goma a tafki ɗaya, wuri goma nake da su ko tafki ɗaya? Na fahimci inda ta dosa: wuraren da ke kusa da juna tsuntsaye ɗaya suke rabawa, don haka ba za a ƙirga su a matsayin shaidu daban-daban ba. Aka tambaye ni ko zurfin ruwa, ko yawan masunta, ba za su iya zama su ne ke korar tsuntsayen ba, kachalla tana shan zargi a banza. Aka tambaye ni lafiyar hanya, da wanda zai shiga ruwa da ni. Wannan ta ƙarshe ita ce na amsa ba tare da tunani ba, domin masuntan da za su tuƙa ni tare muka yi makarantar allo.

Saƙon samun gurbi ta imel ya zo. Bayansa akwai sauran zirga-zirga: rajista a makarantar gaba da digiri ta jami'ar, tantance takardu na asali, hotuna, da ajiye aikin koyarwa, wanda na roƙi shugaban makarantarmu ya bari sai ƙarshen zango don kada in bar 'yan ajin ƙarshe a tsakiyar manhaja.

Ƙudurin da na shiga da shi bai tsira yadda yake ba. Malamin da aka ba ni ya rage shi kusan rabi. Muka cire tarihin shekara hamsin na Landsat, ya ce wannan digiri na uku ne, in bar shi ya jira. Abin da ya rage shi ne wurare masu kachalla kaɗan, da matsakaita, da waɗanda ta rufe, a warwatse nesa da juna, a ƙirga da sassafe tsakanin Disamba da Fabrairu lokacin da baƙin tsuntsaye ke nan, a auna zurfin ruwa a kowane wuri, a rubuta yawan kwalekwalen da aka gani. Da na kai masa kasafin kuɗi, layin da ya fi kowanne nauyi shi ne hayar kwalekwale da ladan masunci mai rakiya, har na fara ba da haƙuri ina cewa zan rage. Ya ce in rage kuɗin buga takardu in na ga dama, amma wannan in bar shi yadda yake, in ma ƙara kwanakin gwaji kafin ƙirgar gaske ta fara.